Mundek a Bayan Tayata

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Iska daga yamma, mai ƙarfi.

Jiya direban wata tirelar kamfanin sukari ya tsinci abokina Mundek a hanyar garin Kalisz, ya yi nisa da gida, cikin ruwan sama, sanye da farar rigar nan mai jan ɗamara da aka sa masa ranar da ya zama zakaran tseren keke na ƙasa. Rigar ta girmi direban. Da ƙyar ya samu birki ya kama. Ya sauko yana zage-zage, sai Mundek ya dube shi ya ce, "Ka ga sauran? Sun ba ni rata da yawa?"

Renia, matarsa, ce ta kira ni. Ba ta ce in zo ba. Cewa ta yi ta dafa miyar kabeji ta yi mata yawa. Mun tsufa a layi ɗaya, na san abin da ake nufi in miyar kabeji ta yi yawa.

Gienia, tawa matar, ta ce in sa hula. Na ce ai ba nisa. Ta ce, "Ba don sanyi ba, tsoho. Kada maƙwabta su hango sanƙon nan su zaci rana ta fito su yi shanya."

Litinin ɗin dai, da la'asar

Shi ya buɗe min ƙofa, ya yi aski tsaf. Ya miƙo hannu ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai. Daga wace jarida?"

Na ce daga ta Poznań. To me zan ce?

Ya zaunar da ni a kujerar da gindina ya riga ya lotsa, ya shiga ba ni labarin Edmund Kaleta, wato shi kansa. Yadda ya fara da keken kai madara na babansa. Yadda in tseren watan Mayu ya zo ake rufe shaguna a taru a gindin rediyo. Bai yi kuskuren ko gari ɗaya ba. Can ya ce, "Akwai wani yaro da ke tare min iska, Witek. Rubuta sunansa, ba a cika rubutawa ba. Mummuna ne ƙwarai, amma bayansa faɗin ƙofar rumbu."

Na ji cokali ya faɗi a kicin.

Da na tashi tafiya, na juya ina neman hulata, sai na ji murya daga bayana, irin ta da: "Witek! Kai jaki, har yanzu kafaɗarka ta hagu a karkace take. Yaushe ka shigo?"

Ashe fuskata ce ta ɓace masa. Bayana yana nan. Ba abin mamaki ba ne in aka duba. Duk ƙuruciyarmu bayan nan yake kallo. Ni ne a gaba, iska tana dukana, shi yana laɓe a tayata yana adana ƙafarsa. Doka ɗaya ce tsakaninmu: ba ya wuce ni sai na kaɗa gwiwar hannun dama. A zamaninmu cikin filin wasa ake ƙare tsere, kan turbar da aka shimfiɗa wa garin gawayi, inda ba a iya wuce mutum, don haka wanda ya riga shiga ƙofa shi ya ci. Aikina in kai shi bakin ƙofa. In kaɗa gwiwa, in kauce, shi ya faɗa ciki. Tafin da ake yi masa daga waje nake jinsa, ina tofar da ƙasa.

Kakata mai tatsuniya takan ba mu labarin agwagin daji masu ƙaura. Kowace agwagwa da sunanta, ban da ta gaba. Mun taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Wa ya taɓa ganin fuskarta?"

Hannun Renia a naɗe yake da bandeji. Ta ce ƙofa ce ta buge ta.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Iska daga yamma.

Jola, 'yarsu, ta zo daga Poznań. Ta sa wa keken kwaɗo a ɗakin ƙasa, ta jefa mabuɗin a jakarta.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Kwaɗo! A gidan mutumin da ya iya kwance keke ya ɗaura idonsa a rufe. Bai ko taɓa kwaɗon ba. Tayar da aka ɗaure ya cire ya bar musu, ya ɗauko wata a rataye ya sa. A bakin gadar kogin Prosna aka same shi yana tambayar masu kamun kifi ina aka sa tutar ƙarshe.

Jola ta yi kuka a tsakar gidana. Ta ce, "Kawu, dariya kake yi?"

Na ce ba dariya nake ba, fuskar ce haka.

"Tirela za ta niƙe shi. Ko ya niƙe ɗan wani. Kuma ba wannan kaɗai ba ne, ka sani."

Na ce ban san komai ba.

"Ka sani, Kawu. Ka ga hannun Mama."

Na ce ƙofar kicin ɗin nan tasu dama tana da kaifi, na sha faɗa.

Ta ambaci gidan sistocin coci na kan tudu, bayan dajin Zawady, inda ake ajiye tsofaffi. Ta ce akwai gado. Na ce ta ba ni mako biyu. Keke ba ya kashe mahayi in yana da na gaba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan coci

Iska ta lafa.

Na sauko da tsohon kekena, na ba taya iska, na ɗiga wa sarƙa mai. Gienia ta tsaya a taga. "Kai da gwiwar da ke ƙara kamar ƙyauren coci? In kun faɗi ku faɗi kusa da maƙabarta, ku rage wa mutane wahala."

Na je ƙofar gidansu ban shiga ba. Na juya baya ga taga, ƙafa ɗaya a ƙasa, na jira. Ba a jima ba na ji ƙarar takalminsa a kan dakali.

Muka bi ta bayan gonaki inda ba mota. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya, ba a waiwaya. Ina jin numfashinsa, ina jin tayarsa dab da tawa, tazarar da ba ta fi ɗan yatsa ba. In na nuna rami da hannu ya kauce. In na rage ya rage. Mutumin da aka ce jiya ya sa takalminsa a tanda.

Da muka dawo ya ci abinci ya yi barci kamar jariri. Renia ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe hannun rigata.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Mun fita. Lafiya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Mun fita. Iska daga arewa, ta shiga ƙashi. A hanyar dawowa ya yi min tsawa, "Ja mana, jaki! Jana'iza muke rakawa?" Na ji daɗin zagin nan fiye da addu'ar fada a coci.

Ban kaɗa gwiwa ba. Ba na kaɗawa. Hannun daman nan manne shi nake da haƙarƙari tun daga fita har dawowa, ko ƙuda ya sauka ba na kora. In na kaɗa zai wuce, kuma ba mahaluƙin da zai kamo shi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Gwiwar ƙafata ta kumbura. Gienia ta naɗe ta da ganyen kabeji. Ba mu fita ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Ba mu fita ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da azahar

Renia tana asibiti.

Litinin ɗin dai, da la'asar

Wannan karon ba ta ce ƙofa ce ba. Bakin ma ba ya buɗuwa sosai. Gienia ta kai mata romo a kwalba ta dawo da shi.

Na samu Mundek a ɗakin ƙasa yana goge sarƙa da tsumma. Ya ce, "Yallaɓai, wata mata ta shigo ta ɓoye min takalman tsere. Ban san ta ba. Ka ga matata? Ta fita tun ɗazu."

Kwana biyu kacal na yi ban zo ba. Kwana biyu.

Na juya masa baya na zauna a kan akwatin kayan aiki, shi ya ci gaba da goge sarƙarsa.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Iska daga yamma, da ruwa.

Jiya Jola da mijinta sun gwada kai shi gidan sistocin da mota. Da sun tambaye ni da na gaya musu. A tsere mota ɗaya ce ke ɗaukar mahayi, wadda ke tafe can baya da tsintsiya ɗaure a kanta, tana kwashe waɗanda suka sare. Mundek ya taɓa ƙare tsere da karyayyen ƙashin wuya don kada ya shige ta. Da yana da hankalinsa yakan bambance mota da mota. Yanzu duk mota mai tsintsiya ce.

Abin da ya faru a bakin motar ba zan rubuta ba. Mijin Jola ya koma Poznań da fasasshen tabarau a aljihu. Maƙwabta duk sun ga abin ta bayan labule, kuma yau kowa ya gaishe ni da ladabi fiye da kullum.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Jola ta zo. Gienia ta zuba mata shayi da lemon tsami ta koma bakin murhu, inda kunne ya fi ji.

Ta ce hanya biyu ce ta rage. Ko dai a turo ƙarti da allura da maɗauri su fitar da shi a kwance, layi duk yana kallo. Ko kuwa.

Na ce ko kuwa me?

"Kai yake bi, Kawu. Ko'ina ka nufa zai bi."

Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

"Akwai hanya ta bayan daji, ba mota. Gidan yana da babbar ƙofa."

Na ce mata, "Jola, a hannun nan na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma, kika jiƙa min rigar aro. Ubanki bai taɓa tambayata ina za mu ba. Ko sau ɗaya. Ya sa tayarsa a bayan tawa ya rufe ido a gangaren da in na yi kuskure mu biyu za a kwasa a buhu. Shi ne za ki ce in ja shi in kai shi inda za a kulle?"

Ta ce, "To haka Mama za ta dawo gidan?"

Na ce zan riƙa zuwa kullum.

Gienia ta ce daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba, "Da wace gwiwar?"

Juma'a, 24 ga Oktoba, da safe

Ba zan yi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Mun fita, a hankali. Jola ce ke kwana da shi yanzu, tana kulle ɗakinta ta ciki. Ba ita ta gaya min ba, na ga sabuwar sakata.

Ba zan yi ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da la'asar

Iska daga yamma. Agwagin daji suna ta wucewa kudu.

Na je asibiti. Renia ta fara magana kaɗan-kaɗan. Abin da ta fara tambaya, wa ke yi masa aski. Sannan ta ce, "Kada a ɗaure shi, Witek. Kowa a garin nan ya san shi a tsaye." Ta ƙara da cewa, "Ina tsoron gidana." Ta faɗe shi kamar mai neman gafara.

Na ce mata miyar asibiti ba ta kai tata ba. Abin da na iya faɗa ke nan.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Yau a hanyar gonaki, muna cikin tafiya, ya yi magana daga baya. Ba tsawa ba. A hankali, kamar yadda yakan yi in tsere ya yi tsawo kowa ya gaji.

"Witek."

Na ce ina ji.

"Tseren nan ya yi tsawo. Kullum muna tafiya ba ma isa. Ina ƙofar take?"

Na ce tana gaba.

"Ƙafata ta kusa ƙarewa. Kada ka riƙe ni har ta ƙare. Ka sake ni da sauran ƙarfina."

Ban san wanne Mundek ne ya yi maganar ba, na da ko na yanzu. Na yi ta juya ta har gida. Gienia ta ce abinci ya huce. Na ce ba na jin yunwa. Ta dube ni, yau ba ta yi tsiya ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da hantsi

Na hau tudu ni kaɗai don in duba hanya, kamar yadda nakan yi jajibirin tsere. Bayan daji akwai kwana ɗaya zuwa dama, sai miƙaƙƙiyar hanya tsakanin itatuwa, sai ƙofar ƙarfe mai ɓangare biyu. Ciki fili ne da tsakuwa, hanyar ta zagaye wani lambu. Na tsaya ina kallo har raina ya ɓaci don yadda abin ya dace.

Wata gajeriyar sista mai suna Benedykta ta fito da tsintsiya. Na ce ta ajiye tsintsiyar nan ranar, kada ya gani. Na ce a buɗe ƙofa duka biyu, a kwashe jiƙaƙƙen ganye a kwanar hanyar, a ɗaure kare.

Ta ce, "Baba, tsoho za ka kawo mana ko Fafaroma?"

Na ce Edmund Kaleta.

Ta jingina tsintsiyar da bango. Ta ce babanta ya taɓa ɗora ta a wuya a bakin titi, ta ga wucewar farar riga kamar walƙiya, ba ta ga komai ba sai ƙura, amma baban ya yi mako yana ba da labari. Ta ce, "Me kuma ake yi?"

Na ce a yi masa tafi. Da ihu in da hali.

"Ina da tsofaffin da ba su yi ihu ba tun bara. Za su gode maka."

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ranar tunawa da matattu. Maƙabarta ta cika da kyandir da furanni. Mun kunna wa iyayenmu, mun kunna wa tsohon kocinmu. Gienia ta sayi kyandir ɗaya ya yi saura, ta rasa na wane ne. Ta mayar da shi jaka da sauri.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Na wanke kekensa, na ɗaure birki, na naɗa sabon tef a mariƙin keken. Jola ta goge farar rigar.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Iska daga yamma, a fuska tun daga gida. Gara haka. Na samu abin yi.

Na tsaya a ƙofarsu na ba taga baya. Ya fito cikin rigar. Ta yi masa yawa yanzu, iska tana kaɗa ta. Ya ce, "Yau ne?" Na ce yau ne. Ya ce, "Kada ka sake ni da wuri kamar a tseren Łódź." Na ce a Łódź shi ya yi gaggawa. Ya ce, "Jaki."

Muka bi gonaki, muka shiga daji. Gwiwata tana ihu, ban saurare ta ba. Na ja shi yadda ban ja ba tun ina da gashi. Hawan tudun na ji numfashinsa ya daidaita, na ji ya sauya giya, ƙarar nan da na sani kamar tarin Gienia. An share kwanar tas. Muka miƙe tsakanin itatuwa. Ƙofa a buɗe, duka biyu. Na hango su ciki sun yi layi cikin barguna, wasu a keken guragu, Sista Benedykta tana kaɗa tawul.

Zan iya wucewa. Hanyar ta ci gaba ta gangara zuwa gida, kuma da ya bi ni. Na san da haka har cikin haƙorana.

Na kaɗa gwiwar hannu.

Ya wuce ta damana kamar an harba shi. Tsoho mai shekara kusan tamanin, ya tashi daga sirdi, keken yana rawa a ƙarƙashinsa. Ya faɗa ƙofar. Na ji tsakuwa, na ji ihu, wata tsohuwa tana buga cokali a kwano. Ya zagaye lambun ya saki hannu biyu ya ɗaga sama.

Ni ina waje, ƙafa ɗaya a ƙasa, ina tofar da yawu. Inda na saba.

Bai waiwayo ba. Dama ba ya waiwayowa.

Sai aka turo ƙofar, ɓangare ɗaya, sannan ɗayan. A filin wasa ba a rufewa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Ban duba iska ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Renia ta dawo gida. Jola ta cire sakatar. An kawo keken a bayan mota, an sa a ɗakin ƙasa, ba kwaɗo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Na je a bas. Ɗakinsa yana kallon lambu. An rataye rigar a jikin ƙofar kabad. Sista ta ce kwana biyun farko ya yi ta ba tsofaffi hannu, daga nan ya fara tambayar ina aka kai kekensa. Jiya bai ci abinci ba.

Ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai." Bai tambayi jarida ba.

Na ɗauki kujera na juya ta, na zauna ina kallon bango. Muka jima.

"Witek."

Na ce ina ji.

"Na ci?"

Na ce ya ci. Da rata.

"Ka sake ni daidai."

Na ce aikina ne.

"Gobe wane gari za mu?"

Na ce gobe ranar hutu ce.

Na ji gadon ya motsa, ya matso har numfashinsa yana taɓa wuyana, tazarar ɗan yatsa.

"Jibi fa?"

Ban waiwaya ba. In na waiwaya, wani baƙon tsoho zai gani da jiƙaƙƙiyar fuska, ya tambaye shi ina Witek ya tafi.